Kafin ki nemi sunan kamfani, juya rigar ki duba cikinta

Tambaya: Wata 'yar'uwa da ta koma Mancesta aikin jinya ta ce ɗakinta ƙarami ne, sif ya cika maƙil, amma kullum za ta fita sai ta rasa abin sawa. Tana so ta rage kayanta su koma 'yan kaɗan masu shiga da juna, filen, marasa tarkacen ado, kuma masu sutura. Tana tambaya waɗanne kamfanoni ke yin irin waɗannan, kuma ta yaya za ta gane na ƙwarai.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka a aikin, ya ba ki juriyar sanyin ƙasar nan.

Sunaye za ki samu in sha Allahu, har da inda kowanne ya fi ƙarfi. Sai dai ki yi haƙuri in fara da abin da na fi sani. A Kano na koyi ɗinki, kuma shekaru da dama ke nan sana'ata a nan Ingila ita ce gyaran tufafi: rage tsawo, sake zif, cike ɓula, ɗaga kafaɗa. Mai irin wannan aiki ta ciki take ganin riga, bayan an sa ta wata shida an wanke ta sau talatin. Abin da na gani kuwa, babu rigar da ke saurin tona asirin mai ɗinkinta kamar rigar filen. Atamfa tana rufa wa tela asiri, in ɗinki ya karkace zane ya ɓoye shi. Leshi ma haka. Amma farar riga ko wando ruwan toka da ba aiki ba ado, ba su da wurin ɓuya. In yadin banza ne, wanki uku ya isa. Saboda haka duk kamfanin da za ki duba, abu uku za ki tambaye shi: da wane yadi ya yi, yaya ya ɗinka, kuma in kika dawo baɗi za ki tarar da irin wannan rigar ko ta ɓace.

Wannan tsari da kike so, Turawa da sunan kafso suke kiransa, irin na magani: abu ƙarami da komai ke ciki. Wata mai shago a Landan, Susie Faux, ita ta yaɗa kalmar a shekarun 1970, sunan shagon nata Wardrobe. A 1985 Donna Karan ta fito a Amurka da kaya guda bakwai da ta ce sun isa mace mai zuwa aiki ta yi ta jujjuya su. A 2010 kuma Courtney Carver ta fara abin da ta kira Project 333, wato kaya 33 na wata uku, har da takalma da jaka, ban da kayan barci da na ciki. Na kawo miki wannan ne don ki lura da abu ɗaya a tsarin Carver: da kayan da kike da su ake farawa, sauran a kulle a akwati. Ba a farawa da kasuwa. Kada lambar 33 ta dame ki, ba aya ba ce.

To ki ƙirga makonki tukuna. Ke ma'aikaciyar jinya ce, yawancin ranakunki cikin yunifom kike. Abin da kike bukata shi ne na hanyar zuwa aiki da dawowa, na ranakun hutu, na masallaci, da na ziyara. Mai zuwa ofis kwana biyar bukatarta ta ninka taki. Ki zazzage sif ɗin a kan gado, ki ware abin da kika sa a watanni biyun da suka wuce. Za ki ga ba su fi goma sha biyar ba, kuma kusan duk kamanninsu ɗaya. Su ne za su faɗa miki gaskiyar abin da jikinki ke so, fiye da kowane hoto a Instagram.

Kayan gida kuwa, atamfa da leshi da shadda da anko, kada ki sa su a lissafin. Ki ba su akwatinsu daban. Ina jin ciwo in na ga 'yan'uwanmu sun kwashe atamfofinsu sun bayar wai sun yi hayaniya da yawa. Siket ɗin atamfa da suwaita baƙa filen a kai, da kwat mai kyau, shiga ce da babu wanda zai raina a titin nan. Ke da kike Mancesta ma, atamfar ABC da iyayenmu ke kira 'yar Ingila, a Hyde aka daɗe ana buga ta, nan kusa da ke.

Batun kala ba shi da tsawo. Zaɓi masu duhu biyu da za su zama gindi, misali shuɗi mai duhu da ruwan toka, sai masu haske biyu, fari da ruwan madara. Mayafi shi zai ɗauki sauran kalolin, kuma shi ya fi araha a canza. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: baƙin auduga yana koɗewa ya koma ja-ja ko kore-kore, kuma baƙin wani kamfani ba ya dacewa da na wani. Shuɗi mai duhu ya fi tsufa da mutunci.

Yanzu yadi, kuma nan zan daɗe, don nan kuɗin mutane ke zubewa.

Dokar ƙasar nan ta tilasta a rubuta abin da aka saƙa tufa da shi. 'Yar takardar tana jikin ɗinkin gefe ta ciki, yawanci a hagu. Ita za ki fara karantawa kafin ki dubi farashi. A suwaita, ki nemi ulu: merino, wato ulun wata irin tunkiya mai laushin gashi, in kina son mara kauri da zai shiga ƙarƙashin kwat, ulun ɗan rago in kina son mai kauri. Akirilik, wato zaren roba mai kama da ulu, yana da laushi a shago, amma kafin sanyi ya fita hammata da gefen da jaka ke gogawa sun yi ƙudaje-ƙudaje, ga shi yana riƙe warin gumi. Ki yi hattara da inda aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa akwai ulu a ciki, sai ki duba takarda ki ga kashi 10 ne cikin 100. A kwat, ni dai ƙa'idata kada ulu ya gaza kashi 70. In sauran nailan ne ba laifi, yana ƙara masa ƙarfi. Dogayen riguna da siket masu zuba a jiki yawanci biskos ne, wato yadin da ake sarrafa zarensa daga itace. Yana da sanyi da kyan faɗuwa, amma yana tsukewa a wanki, kuma tsawon da kika saya don sutura shi zai fara tafiya. In kin ga an rubuta Tencel, wanda kamfanin Lenzing na Ostiriya ke yi, ya fi biskos na gama-gari jure wanki. Lilin yana yamutsewa, halinsa ke nan, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ba ki son guga, ki bar shi.

Rigar auduga ta ciki, wasu kamfanoni na rubuta nauyinta da giram a kowace murabba'in mita. Daga 180 zuwa sama ba ta nuna jiki kuma wuyanta ba ya saurin saki. In ba a rubuta ba, sa tafin hannunki a ciki ki ɗaga wajen haske. In kina ƙirga yatsunki, sai kin sayi wata rigar da za ki sa a ƙarƙashi, kin ga kaya ɗaya ya zama biyu, an koma gidan jiya.

Sai ɗinki. Juya rigar. Kama ɗinkin gefe da hannu biyu ki ja a hankali: in haske ya ɓullo tsakanin zaren, ba za ta kai shekara ba. Dubi kalmasar ƙasan wando ko siket. In an bar santimita 3 ko 4, mai ɗinkin bai yi rowar yadi ba, kuma irina za ta iya sauke miki tsawo. Shimfiɗa rigar auduga a kan tebur, in ɗinkin gefenta ya fara murɗowa gaba tun tana sabuwa, an yanka yadin a karkace ne don a tsimi, kuma wanki zai ƙara murɗe ta. Ramin maɓalli ya zama a cike, ba zare na reto. A kwat, shafi shi ke fara mutuwa, musamman a hammata da aljihu. Ki sa hannu ki ji ko an bar masa ɗan sakewa, don shafin da aka ja tam shi ke yagewa. Duk wannan minti biyu ne a ɗakin gwaji.

Ga sunayen.

Uniqlo nake fara tura kowa, kuma suna da shago a Market Street nan garinku. Kamfanin Japan ne, Tadashi Yanai ya buɗe shagon farko a Hiroshima a 1984. Ƙarfinsu shi ne kayan gindi: suwaitar merino, rigar auduga, wando mai faɗi, da kayan ɗumi na ciki da suke kira Heattech. Wannan na ƙarshe zaren roba ne, amma aikinsa ke nan, ya kwanta a jiki ƙarƙashin abaya ba tare da ya ƙara miki kauri ba. Akwai sashensu mai suna Uniqlo U da Christophe Lemaire, ɗan Faransa, ke jagoranta tun 2016. Yankansa ya fi sakewa, yadin ya fi nauyi, can nake fara dubawa. Kuma a 2015 suka fara aiki da Hana Tajima, Musulma 'yar Ingila wadda mahaifinta ɗan Japan ne, ta yi musu dogayen riguna da wanduna masu faɗi da hijabai. Ki riƙe sunanta, zai yi miki amfani in mun zo batun gwanjo. Inda za ki kula da su shi ne tsawo: in ke doguwa ce, hannun riga da siket kan gaza. Muji ma na Japan ne, ya fara a 1980 da kaya 40 a kantunan Seiyu, ma'anar cikakken sunansa kaya masu kyau marasa tambari. Rigunansu na auduga da kayan zaman gida ba su da laifi.

COS da Arket duk na kamfanin H&M ne na Suwidin, na farko ya buɗe a Landan a 2007, na biyu a 2017. COS ya fi kowa dacewa da mai neman sutura ba tare da ta je shagon abaya ba, don yankansu dogo ne mai faɗi, kafaɗa a sake, riga ta rufe mazaunai. Amma suna tafiya da yayi, abin da kika gani bana ba lallai ki same shi baɗi ba, kuma a rataye ɗaya za ki tarar da ulu zalla kusa da roba zalla, farashinsu kusan ɗaya. Takarda ce za ta raba miki. Arket ya fi tsayawa a kan kayan yau da kullum.

Wannan batu na samun abu baɗi ba ƙarami ba ne. Na taɓa sayen wando a wani shago, ya zauna mini kamar a jikina aka yanka. Na sa shi har gwiwa ta yi haske. Da na koma, an canza yanka, an canza yadi, suna kawai ya rage. Mai kaya ɗari ba za ta ji wannan ba. Mai wando uku, in ɗaya ya tafi, kashi ɗaya cikin uku na shigarta ya rushe. Shi ya sa nake girmama kamfanonin da suka ce ba sa bin yayi. Asket na Stockholm, da aka kafa a 2015, kaya iri ɗaya suke riƙewa shekara da shekaru, kuma suna rubuta inda aka noma auduga da inda aka saƙa da inda aka ɗinka. Da kayan maza suka fara, daga baya suka ƙara na mata. A nan kusa da ke akwai Community Clothing da Patrick Grant ya kafa a 2016 a Blackburn, a masana'antun Birtaniya ake ɗinka kayansu, kuma su ma ba sa canza fasali kowane wata. Kada kuma ki raina Marks & Spencer don ana ce masa shagon tsofaffi. Wandunansu da yawa suna zuwa da tsawo uku, gajere da matsakaici da dogo, abin da shagunan da suka fi shi ƙyale-ƙyale ba sa yi.

Akwai na sama, masu tsada: Margaret Howell da ta fara da rigunan maza a farkon shekarun 1970, John Smedley da ke saƙa a Derbyshire tun 1784, Eileen Fisher ta Amurka da ta fara a 1984 kuma take karɓar tsofaffin kayanta ta gyara ta sake sayarwa, da Toteme, da The Row. Ban ce ki kai musu albashinki ba. Amma in kin shiga babban kanti irin Selfridges, ki je inda masu tsadar suke ki taɓa, ki juya, ki dubi kalmasa. Hannu ma yana koyon karatu. In ya san yadda ulu na gaske yake, ba za a ƙara sayar masa da roba da sunan ulu ba.

Kuma a nan gwanjo ke shigowa. Mu da muka san Kofar Wambai ba sai an koya mana zaɓe ba, kuma a ƙasar nan babu mai jin kunyarsa. Shagunan sadaka da ke unguwannin masu hali, da eBay, da manhajar Vinted da aka kafa a Lituweniya a 2008, duk cike suke da irin kayan da kike nema, don kayan filen ba sa nuna shekararsu. Rubuta sunan kamfani haɗe da irin yadin. Rubuta Hana Tajima ki gani. Ki nemi mai sayarwa ta turo hoton takardar yadi, ta auna miki tsawo da faɗin ƙirji da tef, don lambar girma ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Kayan ulu kuwa, ki ɗaga su wajen haske ki nemi ɓular asu, sannan ki ƙulle a leda ki sa a firiza mako biyu kafin su shiga sif, don ƙwan asu ba ya ganuwa.

Vinted yana da wani amfanin da ya fi saye. In kin ga sabon kamfani yana ta talla a wayarki da hotuna masu kyau, je can ki rubuta sunansa ki dubi kayansa da aka sa shekara biyu. In duk wuya ya saki, gwiwa ta yi buhu, kuma ana zubar da su a kan fam uku, kin sami amsarki ba ki kashe ko sisi ba. In sun tsaya da kyansu kuma farashinsu bai faɗi warwas ba, wannan ma amsa ce. Ni da wannan nake auna kowane sabon suna.

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Lissafin da ya kamata shi ne sau nawa za ki sa. A ce kwat na fam 150 kin sa shi sau 300 cikin shekara uku, kowace fita rabin fam ke nan. Rigar fam 20 da kika sa sau huɗu ta saki, kowace fita fam 5. Wanda ake sawa kullum a kai shi sama, wanda ake sawa jefi-jefi a nemi mai sauƙi.

Za ki ga kamfanoni da yawa suna haɗa kalar madara da hoton ganye suna cewa suna kula da muhalli da ma'aikata. Abin yana da muhimmanci a wurina, don hannu irin nawa ne ke ɗinka waɗannan kayan. Ranar 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, mutum 1,134 suka mutu, yawancinsu mata masu ɗinki. Kayan da ake zubarwa a nan kuma, da yawa a kasuwar Kantamanto ta Akra suke ƙarewa, inda wanda bai sayu ba ke komawa bola da bakin teku. Magana mai daɗi ba ta isa ba: a 2024 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya sai da ta sa ASOS da Boohoo da George na Asda suka yi alkawarin gyara yadda suke tallar kayansu da sunan muhalli. Ki nemi abin da za a iya bincikawa. Tambarin GOTS na nufin an bi audugar tun daga gona, OEKO-TEX na nufin an gwada yadin ba shi da sinadarai masu cutarwa, manhajar Good On You kuma tana ba kamfanoni maki daga ɗaya zuwa biyar. Kamfanin da ya rubuta sunan masana'antar da ta ɗinka masa ya fi wanda ya tsaya a hoton ganye.

Wani abin kuma, mu muna da gatan da 'yan ƙasar nan ba su da shi: tela. Abin da ya fi wuyar samu a shagunan da na lissafa shi ne siket da doguwar riga da suka kai idon sawu ba tsaga. In kin je gida, tafi da wando ko siket ɗin da ya fi zauna miki, ki shiga Kantin Kwari ki sayi yadi filen mai nauyi, ki jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, ki ba tela ya kwaikwaya guda biyu ko uku. Ki gaya masa ba aiki, ba dutse, ya bar kalmasa mai faɗi, ya sa aljihu. Sai kin nanata, don hannun telanmu ya saba da ado. Kwat da suwaita da takalmin ruwa kuwa a nan za ki saye su.

Da kwat za ki fara, don a Mancesta shi mutane za su fi gani a jikinki fiye da rabin shekara. Ya zama ya wuce gwiwa, ya ɗauki suwaita mai kauri a ciki. Sai takalmin da ruwa ba ya shiga. Daga nan abu ɗaya a wata, kuma kada ya shigo sai kin ambaci kaya uku da kike da su da zai shiga da su. In ta intanet kika saya daga kamfani, doka ta ba ki kwana 14 daga ranar da kaya ya iso ki fasa, amma wannan bai shafi sayayya daga hannun mutum a Vinted ba. Kada ki cire tambarin farashi sai kin gwada a gida da mayafinki da takalminki. Ɗaga hannu kamar za ki yi kabbara ki ga ko riga ta tashi. Yi ruku'u da sujada ki ji ko baya ya buɗe ko wando ya ja. Sannan naɗe hannun rigar har saman gwiwar hannu: in bai hau ba, kullum sai kin tuɓe kafin ki yi alwala a wurin aiki, kuma cikin wata ɗaya za ki daina sa ta. Irin wannan ki mayar musu tun da sauran kwanaki.